Wasiƙa daga York: ɗan gwangwan da ya tsirar da kawunan jirgi 213

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina fata kuna lafiya, ya iyali, ya hidimomi?

Asabar ɗin nan maƙwabcina, wani dattijon Bature mai ritaya, ya ja ni garin Pickering muka shiga jirgin ƙasa mai cin kwal. An rufe layin a 1965, sa'ad da gwamnatin Birtaniya ta bi rahoton 1963 na Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa na lokacin, tana datse layukan da ba sa kawo riba. Masu sha'awa suka yi karo-karo suka farfaɗo da shi a 1973. Dattijon nan aikin sa-kai yake yi a layin, ko sisi ba a biyansa. Na tsaya ina kallonsa da tsumma da gwangwanin mai yana goge tagullar kan jirgi kamar mai yi wa amarya jere, hannu baƙi ƙirin, baki har kunne.

Shi ya ba ni labarin garin Barry, a yankin Wales. Da aka sallami jiragen kwal, waɗanda aikinsu ya ƙare a 1968, dubbai aka yanka aka narkar. Wani ɗan gwangwan, Dai Woodham, ya sayi kusan 300, sai ya ga taragai sun fi sauƙin yanka, ya fara da su. Kawunan jirgin suka yi shekaru a fili suna tsatsa, masoya suna zuwa da kuɗin karo-karo suna fansarsu ɗaya bayan ɗaya, har 213. Lissafin kasuwa ya yi, Allah ya sa ya zama alheri.

Ni kuwa hankalina ya koma gida. Dogo ya iso Kano a 1911, shi ya yi ta kwashe dalar gyaɗa zuwa Legas. Siririn layin Zariya zuwa Jos da Bukuru, na jigilar kuza, an rufe shi a 1957, sai ɗan abin da aka ajiye a gidan tarihi na Jos. Yau in ka ji labarin tsohon layi, galibi an kama mota ce shaƙe da ƙarafan dogo za a kai wa 'yan jari-bola. Namu 'yan gwangwan ba sa jira, mu ma ba mu je fansa ba.

Abin da ya fi cin dattijon a rai, in ji shi, mutanen ne. Ƙarfe ana ƙera wani, a 2008 ma an kammala sabon kan jirgi mai suna Tornado. Amma wanda zai ji numfashin tukunya ya san ta ƙoshi da kwal, kullum raguwa suke.

Kakana ma'aikacin reluwe ne a Zariya, ban taɓa zama na tambaye shi komai ba har ya rasu, Allah ya jiƙansa. In akwai tsohon ɗan reluwe a unguwarku, don Allah ku kai masa goro, ku kunna waya, ku ce ya fara daga ranar da aka ɗauke shi aiki.

Ku gaida kowa da kowa.

Ɗan'uwanku a York