Sakin layin da na goge da hannuna

Ranar Juma'ar da ta gabata na miƙa makullin durowata, bayan shekara goma sha bakwai a sashen bayar da rance na bankinmu. Yaran ofis sun roƙe ni in rubuta musu wani abu kafin in tafi. Ga shi, amma ba irin wanda ake karantawa a walimar bankwana ba ne.

Na shigo aikin nan a 2007, lokacin da bankuna ke iyo cikin kuɗi bayan Soludo, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya tilasta musu tara jarin naira biliyan 25, suka ragu daga 89 zuwa 25. Da idona na ga 'yan Kantin Kwari suna cin bashi su sayi hannun jari, na kuma ga fuskokinsu da kasuwar ta rushe a 2008. Ranar 14 ga Agustan 2009 da Sanusi, wanda ya gaji Soludo, ya sallami shugabannin bankuna biyar, ya zuba musu naira biliyan 420, muna tsaye a gaban talabijin babu mai cewa uffan. A ranar na rantse ba zan taɓa sa hannu a kan abin da zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Shekara goma sha uku rantsuwar ta yi kafin ta karye.

A farkon 2022 aka turo ni duba wata ƙungiyar manoman shinkafa a kwarin Hadejia, ƙarƙashin Anchor Borrowers, shirin rancen manoma na Babban Banki da Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a 2015. Kwana uku na yi ina zagaya fadamun. Wani dattijo ya nuna min alamar da ruwan bara ya bari a jikin bishiya, ya ce ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin kogin, damina kuma ta daina zuwa yadda suka san ta; sai ta yi jinkiri, sannan ta zubo gaba ɗaya. Na dawo na rubuta sakin layi guda a rahotona: a raba rancen, a bar kaso mafi tsoka zuwa noman rani, kada a zuba komai a damina.

Manajanmu ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa. "Malam, kai ma'aikacin banki ne ko mai duban yanayi?" Ya ce hedikwata ta yanka wa reshe adadi, wata uku ya rage, kuma kuɗin ma na Babban Banki ne, me ya dame ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwan nan fa..." Bai bari na ƙarasa ba. Bai rubuta min komai ba, ko saƙon waya. Da baki ya faɗa, ni kuma na koma kujerata na goge sakin layin da hannuna, na sa hannu a ƙasa.

Kun san abin da ya faru a Satumba. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a faɗin ƙasar, Jigawa na cikin waɗanda suka fara ɗanɗana ta. Gonakin da na zagaya sun zama tafki. Inshorar da aka cire wa manoman kuɗinta tun farko ta biya abin da bai kai kuɗin taki ba. Da masu bincike suka zo, sunana kaɗai suka gani a takarda. Ni aka ba takardar tuhuma, ni aka riƙe wa ƙarin girma shekara biyu. Manajan kuwa an mayar da shi Abuja da muƙami. Har yau idan muka haɗu a ɗaurin aure yakan tambaye ni iyali da fara'a.

Laifi tudu ne, na sani. Nawa shi ne na ji tsoron rasa kujera fiye da tsoron abin da na gani da idona. Amma abin da ke ci min rai shi ne dattijon nan, wanda ni aka tura in karɓo bashin da ake binsa alhali rumbunsa babu ko tiya.

Yanzu masana suna ta muhawara a kan ko aikin Babban Banki ne ya raba sama da naira tiriliyan ɗaya ga manoma, ko ya tsaya a kan hauhawar farashi kamar yadda gwamnan bankin, Cardoso, ya zaɓa. Duk ɓangarorin biyu ban ji wanda ya tambayi dalilin da ya sa fom ɗin tantance rancenmu yake da gurbin jingina, gurbin mai tsaya wa, amma babu gurbin ruwa ba. Hasashen damina na NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, yana fita kowace shekara, kyauta, ba mu taɓa buɗe shi a taron kwamiti ba.

Sauran abubuwan gajeru ne. Duk umarnin da aka ba ka da baki, ka mayar da shi rubutu ka tura wa mai shi, ko da zai ɓata rai. Ka ajiye kwafin rahotonka na farko a gida. Kada ka raina masinja da direba. Su suka fara faɗa min za a tuhume ni, mako guda kafin takardar ta iso.

Fom ɗin kuwa, a bara aka ƙara masa gurbin haɗarin ambaliya. Kalmomin da ke ciki kusan nawa ne, sai dai sunan wani ne a ƙasan takardar.