Abin da zanen gidaje a Kano ya koya mini game da zafi

Yawancin masu gida kan tambaye ni na'urar sanyaya ɗaki nawa za su saya tun ba a haƙa harsashi ba. Ni kuwa abin da nake fara dubawa a fili shi ne ina yamma take. Bangon yamma ke shan rana daga azahar har magariba, kuma a watan Afrilu, da zafi kan haura digiri 40, bulo mai inci 6 ba ya iya tare ta. Can nake tura banɗaki da sito, ɗakunan kwana su kalli arewa ko kudu.

Babban darasin kuwa a wurin magina na gargajiya na same shi. Ka shiga soro a Gidan Makama, gidan tarihin nan na Kano, da tsakar rana ka dafa bango, za ka ji shi da sanyi. Tubali ne mai kauri, rufin kuma azara da ƙasa. Zafi sai ya yi sa'o'i yana ratsa wannan kauri, kafin ya iso ciki rana ta faɗi, iskar dare ta kwashe shi. Tagogin ƙanana ne, suna can sama inda iska mai zafi ke taruwa. Shi ya sa nake ce wa mutane a bazara su rufe taga da rana, su buɗe da dare. Da yawa sukan yi mamaki, amma iskar ƙarfe biyu ta rana wuta kawai take shigowa da ita.

Kwanon rufi mai duhu da ake yayi yana zuƙar rana. A sa mai haske, a bar ƙofofin iska masu raga tsakaninsa da silin.

Abin da ke ci mini rai shi ne a sare darbejiya a shimfiɗe tsakar gida da intalok. Bayan isha ka taka shi ba takalmi, har lokacin da ɗuminsa, yana hura shi cikin ɗakuna.

Tun da kuɗin wutar Band A, wato rukunin da ya fi samun lantarki, ya kai naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, masu gida sun fara saurara. Tsoronsu da ginin ƙasa ɗaya ne, wahalar yaɓe kafin kowace damina. Sai in nuna musu bulon ƙasa da ake matsawa da inji, a sa masa siminti kaɗan, a kuma tsawaita bakin rufi don ruwa kada ya doki bango.