Kalmomin Kikongo da za su yi wa matafiyi amfani

Fatakenmu na Garwa da Marwa da ke sauka har Kwango da kaya sukan dogara da Faransanci, kuma yana fishe su, amma a kasuwannin biranen Puwent Nuwar (Kwango Barazabil) da Matadi (Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango) mai sayarwa ta fi sakin fuska idan ta ji an gaishe ta da harshenta. Kikongo harshe ne na kudancin Kwango Barazabil da yammacin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da arewacin Angola, kuma yana da rassa da dama. A ganina, mai koyo ya fara da Kituba, wato nau'in da aka sauƙaƙa domin cinikayya, tun da shi ne ya fi yawo a birane.

Gaisuwa ita ce "mbote". Idan mutum ɗaya ne sai a ce "mbote na nge", idan kuwa jama'a ce "mbote na beno". Godiya ita ce "matondo", a ƙara "mingi" idan alherin ya yi yawa. Wajen rabuwa akwai ladabin da ya kamata a kiyaye, domin mai tafiya yakan ce "bikala mbote", wato a zauna lafiya, mai zama kuma ya mayar da "kwenda mbote", wato a sauka lafiya.

A kasuwa, wadda suke kira "zandu", tambayar farashi ita ce "ntalu ikwa?" Kuɗi "mbongo" ne, a'a kuma "ve", wadda mai tayi zai ji ta sau da yawa. Lissafi ya fara da mosi, zole, tatu, iya, tanu, wato ɗaya zuwa biyar.