Ranar da na daina zaɓar wa yara littafi a shagon lesin ɗina

Sana'ata lesin ce, koya wa yaran firamare karatu bayan sun taso daga boko. Shago ɗaya ne da ɗan fili a bayansa nan Gwammaja, haya nake biya duk shekara, tabarmi huɗu da benci uku da allo, sai fanka mai sola dan wutar Nepa ba abin dogaro bace. NCE nayi, na koyar a wata firamare mai zaman kanta shekara shida, albashin baya kai mutum ƙarshen wata kuma wani lokacin sai a haɗa wata biyu ba'a biya ba, shine a 2019 na ajiye na buɗe nawa da yara 9, yawancinsu 'ya'yan maƙota. Yanzu yara 46 ne a rijista, ni da ƙanwata da take riƙe min 'yan aji ɗaya da biyu.

Duk wanda zai yi wannan sana'ar a Kano sai ya fara sanin cewa lokacin yaro a cike yake. Da safe boko, da la'asar Islamiyya daga Asabar zuwa Laraba, wasu kuma bayan magariba akwai makarantar dare. Abin da ya rage mana shine tsakanin azahar da la'asar, sai yammacin Alhamis da Juma'a da ba'a zuwa Islamiyya. Yaro zai zo miki rana ta dake shi, abinci ma a tsaye ya ci, ke kuma kina so ya zauna ya buɗe littafi.

Shekara biyun farko yadda na saba a makaranta haka na dinga yi. Littafi ɗaya, kowa shafi ɗaya, in karanta su maimaita. Kuma kun san yaranmu gwanayen hadda ne, tun suna shekara huɗu suke hadda a makarantar allo, to shafin nan kafin sati ya zagayo sun haddace shi tas, idan kika tsaya a bakin ƙofa kina jin muryoyinsu sai kice karatu ya zauna. Amma ki rufe hoton da tafin hannu ki nuna kalma ɗaya a tsakiyar layi kice wance meye wannan, sai tayi shiru tana kallon bakinki. Abin nan ya dame ni ƙwarai wallahi, dan kuɗin mutane nake karɓa duk wata. Ga korona ta zo a 2020 an rufe makarantu wata da watanni, da aka dawo wasu yaran har haruffan da suka sani sun zube, iyaye kuma suka fara janye 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun ce min komai ba.

Akwai wani yaro ɗan aji huɗu, babansa mai shayi ne a bakin titi, baya iya zama minti biyar, kullum Anti zan sha ruwa, Anti zan yi fitsari. Na riga na sa shi a layin waɗanda karatu zai yi musu wuya. Wata Alhamis na fito bayan shago na same shi a tsugune da wani abokinsa, sun sa wata sitika ta 'yan ƙwallo a gaba wadda ya manna a bangon littafin rubutunsa, yana bin haruffan da yatsa yana haɗawa a hankali, Mu, sa, Musa, sai ya ɗago yace wa abokin ka gani ai na faɗa maka Ahmed Musa ne. Yaron da a cikin aji ko kallon allo baya yi. A daren na zauna da wayata na rubuta shafi ɗaya da Hausa mai sauƙi, gajerun jimloli, cewa Ahmed Musa ya buga wa Kano Pillars, ya ci Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya sake cin Iceland biyu a ta 2018. Washegari na kai aka buga min a shagon kwamfuta. Na ajiye takardar kusa da littafin da muka saba nace masa ɗauki wanda kake so. Ya kusa minti ashirin a kanta bai nemi ruwa ba, sau uku yana zuwa tambayata kalma, kuma da aka tashi ya roƙe ni in bar shi ya tafi da ita ya karanta wa babansa a teburin shayi.

Daga nan na fara sauya tsarin shagon, amma ban dace a karon farko ba. Na kwaso duk littattafan da nake da su na zube a tabarma nace kowa ya zaɓa, sai wajen ya zama kasuwar Kurmi, wannan ya ɗauka ya ajiye, wancan ya fizge na hannun wani, ƙananan suka tafi kan masu kauri saboda hotuna, lokaci ya ƙare babu wanda ya karanta layi biyu. Sai na gane zaɓin ma sai an koya wa yaro shi, kuma sai an yi masa iyaka.

Yanzu kwanduna uku ne na roba, kore da rawaya da ja. Kore na masu haɗa baƙi da wasali ne, layi ɗaya ko biyu a shafi. Rawaya na waɗanda suka fara tafiya amma suna tuntuɓe, ja kuma na masu karanta labari su ba da shi da bakinsu. 'Yan aji ɗaya da biyu littafi uku kawai ƙanwata take ajiye wa kowa a gabansa ya ɗauki ɗaya, fiye da haka ruɗa su yake. Manyan na koya musu gwajin yatsu, ka buɗe tsakiyar littafin ka karanta shafi ɗaya, duk kalmar da ta gagare ka ka lanƙwasa yatsa ɗaya, idan yatsu biyar suka ƙare kafin shafin ya ƙare to ka ajiye shi sai gaba, idan ko ɗaya baka lanƙwasa ba ya yi maka sauƙi, biyu zuwa uku shine daidai kai. Ba ni na ƙirƙiro shi ba, malaman firamare a ƙasashe da yawa suna amfani da shi, amma yaranmu sun karɓe shi kamar wasa, zaka ga yarinya ta ɓoye hannu a cikin hijabi tana lissafi. Kuma ban hana kowa leƙa kwandon da ya fi ƙarfinsa ba, in yaro ya nace sai mai hoton jirgin sama a kwandon ja, sai in haɗa shi da wanda ya fi shi su karanta tare.

Ba littafi kaɗai suke zaɓa ba. Yaro zai zaɓi inda zai zauna, benci ko tabarma ko gindin bango, zai zaɓi ya karanta shi kaɗai ko da aboki ko ya karanta wa wani ƙarami, in ya gama kuma ya zaɓi yadda zai nuna min ya gane, ko ya ba ni labarin, ko ya zana, ko su biyu su kwaikwaya. Abu ɗaya ne babu zaɓi a cikinsa, minti 15 na farko na sautin haruffa, ba be bi bo bu, da bambanta ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b, da su ts da sh. Wannan dole ne ga kowa kullum, dan yaron da bai san sauti ba ko ɗaki guda na littattafai kika bashi hoto kawai zai kalla.

Wahalar sana'ar yanzu ta koma wajen samo kaya. Da can littafi ɗaya zan sa iyaye su saya shikenan, yanzu ni ce mai cika kwando. Ina zuwa Sabon Gari wajen masu gwanjon littattafai in tsuguna in tona, ana samun na Turanci masu kyau da araha amma sai na duba shafi shafi, wasu hotunan basu dace da tarbiyyarmu ba, wasu kuma labarin dusar ƙanƙara ne da abubuwan da yaron Gwammaja bai taɓa gani ba. Na Hausa na ƙananan yara kuwa sune masu wuyar samu, kasuwa cike take da littattafan manya amma na ɗan aji biyu sai an sha yawo. Abin da ya cece ni shine African Storybook da StoryWeaver a intanet, suna da labarai da Hausa kyauta kuma sun yarda a buga. Ina saukewa a waya, in gyara inda Hausar bata yi min ba, a buga min baƙi da fari dan mai kala tsada, yaran su shafa kala da kansu, in sa a yi wa bangon laminatin. Kuɗin takarda da tawada yana cin wani kaso na abin da nake samu duk wata, kuma tunda na fara ba da aro ranar Alhamis a dawo da shi Asabar, wani ya dawo da tabon miya, wani ƙani ya yaga, wani ya ɓata gaba ɗaya. Ina da littafin rijistar aro amma bana cin tarar kowa, na sa shi cikin kuɗin gudanar da shago kamar kuɗin alli.

Iyaye ma sai da muka sha magana. Wani uba ya zo da kansa ranar Juma'a bayan masallaci, yace Malama ni kuɗi nake biya yarinyar nan ta iya Turanci ta ci kwaman entaran, sai na ganta da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi wai ita ta zaɓa, yaro har ya san abin da zai zaɓa? Nace Alhaji ka yi haƙuri ka zauna ka ga wani abu. Na kira ta na ba ta shafin da bata taɓa gani ba da Hausa ta karanta shi tiryan-tiryan, sannan na nuna masa yadda take amfani da sautin nan wajen fasa gajerun kalmomin Turanci. Na yi masa bayani cewa Hausa yadda ake faɗa kusan haka ake rubutawa, wasali biyar ne, yaro yana saurin gane sirrin haɗa haruffa da harshen da yake mafarki da shi, in ya gane kuma da shi zai shiga Turanci. Ya gamsu ya bar ta. Wani uban bai gamsu ba ya cire 'ya'yansa biyu ya kai inda ake ba da aikin gida shafi uku kullum, har yau muna gaisawa. Ni dai abin da yake tsaya min a rai shine rahoton Bankin Duniya na 2022 da yace kusan kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita basa iya karanta ɗan gajeren rubutu su gane shi, kuma na san irin yaran, suna shigowa shagona da yunifom mai kyau da jaka cike da littattafai.

Wani abin sai haƙuri. Akwai yarinyar da ta yi sati uku tana ɗaukar littafi ɗaya, labarin wata akuya, har ƙanwata tace Yaya ki karɓe shi mana. Nace bar ta. A sati na huɗu da kanta ta zo tace Anti akwai wani irinsa, na ba ta biyu daga kwandon rawaya ta ɗauki ɗaya.

Wanda ya fi ba ni aiki wani ɗan aji biyar ne da duk kwandunan basu burge shi ba, shi tattabaru yake kiwo a saman soron gidansu kuma ba ni da ko shafi ɗaya a kan tattabara. Sai nace to kai zaka faɗa ni in rubuta. Ya zauna yana ba ni bayanin yadda ake gane namiji da mace, da cewa ƙwai biyu take yi kuma uwa da uba suna karɓa-karɓa wajen kwanci har kwana 18 kafin su ƙyanƙyashe, da irin hatsin da yake basu, ni ina rubutawa da manyan haruffa. Muka buga shafi shida da zanensa a bango. Shi ya fara karanta shi, yana gyara min inda yace ba haka ya faɗa ba, kuma yanzu littafin nan ya fi kowanne fita aro a wajen maza, sau biyu ina sake buga shi.

Tun daga lokacin na manna farar takarda a jikin ƙofa, duk wanda yake son a samo littafi a kan wani abu ya rubuta da hannunsa, ko da kuskure. Na wannan zangon akwai dawakin hawan sallah, akwai yadda jirgi yake tashi a filin jirgin Malam Aminu Kano, akwai girkin alkaki, wata kuma ta rubuta rini dan kakanta marini ne. Na rinin zamu fara yi, na riga na yi magana da masu adaidaita sahu biyu da zasu kai mu marinar Ƙofar Mata ranar Alhamis ta sama, yara takwas ne iyayensu suka sa hannu, kowa zai tafi da fensir da takarda ya rubuto tambaya ɗaya da amsar da aka bashi, in mun dawo mu haɗa.