Injin gwajin jinin da na sayo da araha

Har yau idan na leƙa ɗakin gwaji na hango injin nan a kusurwa, an lulluɓe shi da tsohon zanin gado, sai raina ya ɓaci. Ni na samo shi, kuma da bakina na shawo kan Likita ya sa hannu.

Asibitinmu ƙarami ne, na kuɗi, a nan Kano, sayayya tana hannuna. A farkon 2024 injinmu na ƙirga ƙwayoyin jini ya mutu murus. Lokacin dala ta haura naira 1,500, ita da ke wajen 460 a farashin gwamnati kafin a saki naira a watan Yunin 2023. Dillalan da ke ba mu takardar farashi mai aiki wata guda suka koma cewa, "Na yau ne fa, Alhaji, gobe sai yadda dala ta kwana." Ana cikin haka wani dillali a Legas ya turo mini hoton na hannu, ɗan Turai, tsaf da shi, kuɗinsa bai kai rabin sabo ba. Har da kyautar katan biyu na riyejen, ruwan sinadarin da injin ke sha.

Mai kula da lab ɗinmu ya tare ni a baranda, ya ce, "Yallaɓai, in wannan ya ƙare, a ina za mu riƙa samu?" Na ce masa kasuwa ai ba ta rasa komai. Wannan amsar ita ke hana ni barci.

Da katan biyun suka ƙare muka gane injin ba ya karɓar riyejen kowa sai na kamfaninsa. Kowace jarka da katinta, in bai karanta katin ba ko motsi ba zai yi ba. Mai kawo riyejen ɗin mutum ɗaya ne, lissafinsa kuma na dala. Ga dizal, ga wutar Band A, rukunin da ya fi samun lantarki, da aka mayar naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024. Ƙara kuɗin gwaji kuwa ba dama: marasa lafiyar inshora farashinsu a yanke yake, sauran kuma ka ɗora musu ɗari biyar su tsallaka titi zuwa wani lab. Muka yi watanni muna gwaji muna cike giɓi daga aljihu. Da wani bawul ya toshe, ba injiniyan da ya san shi a Kano, sai an biya wa na Legas kuɗin jirgi. Nan Likita ya ce a rufe shi, bai ƙara ko kalma ba. Da ma faɗa ya yi mini, da ya fi sauƙi.

Yanzu injin da muke aiki da shi ɗan China ne, kuma ba saya muka yi ba. Dillalin ya ajiye mana shi, mu kuma muka ɗaure kanmu da sayen riyejen a wurinsa, da adadin da ba za mu gaza ba kowane wata. Shi ma igiya ce, na sani. Amma wannan karon sai da na zaunar da mai lab muka lissafa nawa gwaji ɗaya zai ci, na kuma nace aka rubuta farashin da naira, da kwanakin da injiniya zai iso in an kira shi.

Kwanaki wani daga wani asibiti ya zo ganin tsohon, ko zai saya. Bai ko ɗaga zanin ba ya tambayi inda ake samun riyejen ɗinsa. Na gaya masa gaskiya, ya yi godiya ya tafi.