Wasiƙa daga Ingila: ku bar mai dawowa daga aikin bishara ya huta

'Yan'uwana cikin Ubangiji,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa yana lafiya. Tun da na dawo daga aikin bishara a arewacin Uganda saƙonninku ba su yanke ba: yaya aka yi, mutum nawa suka ba da gaskiya, yaushe za mu ji shaida? Na gode da kulawa. Na yi niyyar ba ku labarin ikkilisiyoyin da muka ziyarta da yaran da muka koyar, amma bari in fara da abin da ya tsaya mini a rai.

Takardu ne. Ko jaka ban kwance ba, sai ga saƙon kwamitin da ya aike mu: a kawo rahoto, a kawo rasit na duk abin da aka kashe, a cike fom na lafiya, a cike wani na yadda tafiyar ta kasance. Rasit ɗin nan rabinsu gumi ya cinye rubutun, wasu kuwa da hannu aka rubuta a bayan takardar makaranta. Na baza su a ƙasa ina ɗaga kowanne kusa da fitila, idona na rufewa. Ga shi Disamba ne, rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, sanyi na shiga har ƙashi. Ban ƙi lissafi ba, kuɗin jama'ar Allah ne, amana ce. Gaggawar ce ta dame ni. Jiki ya iso, zuciya tana can tare da mutanen da ka bari, ka buɗe baki za ka yi addu'a sai hawaye, a haka ake son ka tsara shafuka.

Ubangiji bai yi wa nasa haka ba. A Markus sura 6, da manzanni suka dawo suka faɗa masa abin da suka yi, jama'a na ta kai da komo har ba su sami sukunin cin abinci ba, sai ya janye su gefe su ɗan huta. Iliya ma, a 1 Sarakuna 19, bayan abin da ya faru a Dutsen Karmel, ya kwanta ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa. Mala'ika ya tashe shi har sau biyu ya ci ya sha. Allah bai tambaye shi me yake yi a can ba sai a Dutsen Horeb, bayan tafiyar kwana 40. Bulus da Barnaba sun ba da rahoto a Antakiya, gaskiya ne, amma Ayyukan Manzanni 14 ya ce sun daɗe a can tare da masu bi.

Akwai kuma maganar jiki, wadda muke yi wa sakaci. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ba ya ƙarewa ranar da jirgi ya sauka. Mai shan doxycycline zai ci gaba har mako 4, mai shan Malarone kwana 7. Wanda ya taso inda cutar take ya kan ɗauka jikinsa ya saba, alhali wannan garkuwar tana raguwa idan mutum ya daɗe a waje. Zazzaɓi ya kama ka, ko bayan watanni ne, je wurin likita a ranar, ka faɗa masa ƙasar da ka je.

Saboda haka idan naku ya dawo, fasto ne ko matashi, kada a tsayar da shi gaban ikkilisiya ran Lahadin farko. A ɗauke masa wa'azi na ɗan lokaci. A sami mutum ɗaya mai haƙuri ya zauna da shi ya saurara, har abubuwan da ba su tafi daidai ba, domin waɗannan ba sa shiga rahoto.

Yaran kuwa suna da ƙwazo, haddar ayoyi ba ta ba su wuya. Labarinsu sai wasiƙa ta gaba, idan Ubangiji ya yarda. Ku riƙa tunawa da su cikin addu'a, da ni ma.

'Yar'uwarku cikin Almasihu.