Wai waye Bafallate?

Jiya da yamma a wajen mai shayi nan kasuwar Gadarif a Sudan mun kusa awa biyu muna musu ni da wani abokina, shi yace mu Hausawa ba Fallata bane ni nace mu ne mana, har murya ta fara tashi, sai da aka kira magariba sannan muka gane ashe kowa da abinda yake nufi. Shi Fulani zalla yake nufi, kuma yana da gaskiya don asalinta haka Barebari ke kiran Fulani. Ni kuma yadda ake faɗarta a titi nake nufi, inda in akace Fallata an haɗa Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da duk wanda kakansa ya taso daga yamma a hanyar hajji ya zauna.

Haka kalmar Takari, daga Takrur ta fito. Takrur tsohuwar masarauta ce can bakin kogin Senegal, sunan ya bi alhazai har Makka, yau kuma a bakin wasu ma'anarta wanda ya zauna Saudiyya ba iƙama.

Da a wajen shayi abin ya tsaya wallahi da ban damu ba. Amma dokar jinsiya, wato ta zama ɗan ƙasa, ta 1957 cewa tayi ɗan Sudan na asali sai wanda zaman gidansu a ƙasar ya kai ƙarshen 1897, to mutanen garin Maiwurno na nan Sudan fa? sai bayan yaƙin Burmi a 1903 da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru suka biyo ɗansa har bakin Nilu, ga waɗanda suka zo noman auduga a yankin Jazira bayan 1925. Layi ɗaya a takarda ya maida mutum baƙo a garin da aka binne cibiyarsa. Daga baya an matso da shekarar amma kalmar ta riga ta zauna a bakin mutane, kuma mun ga abinda "ɗan ƙasa" da "baƙo" suka jawo a rikicin garuruwan Damazin da Rusairis a 2022.

Ni kaina da abokin nawa yace to tayyib faɗi ma'anar ɗan ƙasa, na kama haihuwa yace ɗan ɗan kasuwar da ya sauka bara fa, na koma kan kakanni yace kaka na nawa za'a ƙirga, na ce harshe sai ya tuna min 'ya'yan yayata na Umdurman da Larabci kaɗai suke ji. A nan muka tashi sallah, gobe in sha Allahu zamu ɗora.